Haɗiyar Yawu a Baiti na Biyu

Tun daga kan matakala Kerttu ta fara jin warin. Ɗakin taron a ƙarƙashin wani dogon bene yake a unguwar Hervanta, irin ɗakin da mazauna gida ke ara don walimar ranar haihuwa, ba shi da taga sai wata 'yar siririya can kusa da rufi. A bakin ƙofa takalma ne jibge, duk na maza, ƙanƙarar da suka kwaso daga titi tana narkewa a ƙarƙashinsu. Ta cire nata ta ajiye can gefe, ta yi taka-tsantsan, amma duk da haka safarta ta dama ta sha ruwa.

"Kar ki fara ɓata fuska, kulta," in ji mijinta Santeri da sunan ƙaunar da yake kiranta, yana tura ƙofa da kafaɗa saboda jakunkunan da ke hannunsa. "Mutanen kirki ne. Kuma yau ba za mu fita ba sai kin zaɓi taki."

Abin da ya kawo ta ke nan. Tun da aka mayar da aikinta ɗakin gwajin ruwan sha da ke Helsinki take ƙarar da safiya da yamma a jirgin ƙasa, Santeri kuwa ya ce ba zai zuba ido matarsa tana jin kiɗa a waya kamar 'yar sakandare ba. Zai saya mata na'urar sauraro ta gaske, wadda ba ta karɓar kira, ba ruwanta da saƙo, kiɗa kaɗai ta iya. Irin wannan kuwa ba a saye da ka, sai kunne ya ji. Shi ya sa ya jawo ta taron ƙungiyarsu na ranar Asabar, inda kowa ke baje kayansa a tebur don 'yan'uwa su ɗanɗana.

Maza ne goma da ɗoriya zaune a gefen dogon tebur, rabinsu ido a rufe, baki a ɗan buɗe, kamar masu jiran likitan haƙori. Babu kiɗan da ke tashi a ɗakin, sai numfashi da ƙarar kujera da kurɓar gahawa. A gabansu na'urori ne birjik, wasu kamar sabulu, wasu kamar bulo, ga wayoyi masu kitso sun sarƙe da juna. Iskar ɗakin ta haɗa jiƙaƙƙiyar safa, da gahawar da ta daɗe a kan wuta, da wani abu mai maiƙo da Kerttu ba ta gane ba sai da ta zauna.

Kowane iyafis, wato ɗan abin sauraron da ake cusawa a kunne, yana da 'yar roba a baki, wadda ke shiga can cikin ramin kunne ta toshe shi. Al'adar taron ita ce kowa ya zo da nasa robobin a ɗan gwangwani, in zai gwada kayan wani sai ya cire na mai kaya ya sa nasa. Haka Santeri ya gaya mata a bas. Abin da bai gaya mata ba shi ne, da zarar zumuɗi ya hau kansu kowa mantawa yake yi. A gabanta wani dattijo mai furfura har cikin kunne yana sakace bakin iyafis da tsinke. Ya ɗaga tsinken ya duba abin da ya fito a hasken fitila, launin tsohuwar zuma, ya shafe a gwiwar wandonsa, sannan da wannan hannun ya ɗauki burodin pulla daga faranti. Kerttu ta janye nata hannun da ta riga ta miƙa.

"A'a! Santeri, ashe da gaske kana da mata?" Wani ƙato ne ya yi maganar, mai ƙullin taba a ƙarƙashin leɓen sama. "Mun ɗauka a hoto ka gan ta, kamar sauran kayan da kullum kake cewa za ka saya. Sannu da zuwa, uwargida. Ni ne Tapsa. Ki ɗan matsa nesa da Raimo, wannan lokacin kunnensa ke zubar da ganye."

"Rufe mana baki, direba," in ji dattijon, ko ɗagowa bai yi ba. "Mutumin da injin bas ya cinye wa rabin kunne shi ma wai yana cikin masu magana."

Kerttu ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ita ko a wurin aiki, in aka zo zagayen faɗin ra'ayi, tafin hannunta jiƙewa yake yi kafin a iso kanta.

Santeri ya ɗora mata tsohon abin sauraronsa, babba mai rufe kunne ta waje, ya shiga jera mata na'urori. Wannan ɗumi gare ta, in ji shi, waccan kuma sanyi amma tana da faɗi. Wannan tana kawo mai ganga kusa, waccan tana mayar da shi bayan ɗaki. Ta saurara da gaskiya. Wata tana ƙona tafin hannu, wata ta fi ƙarfin aljihun kwat, wata kuma batirinta ba zai kai ta Helsinki ya dawo da ita ba. Akwai wata 'yar ƙarama mai maɓallai a gefe, wadda za a iya dannawa ko da safar hannu, ita ta kwanta mata a rai.

"Wannan?" Tapsa ya leƙo. "Haba uwargida, wannan ai ta masu gudun motsa jiki ce. Santeri, kar ka bari a ji kunyarmu a jirgi."

"Tukuna," in ji Santeri, amma hankalinsa ba ya wurinta. Idonsa yana kan wani siririn mutum da ya zo daga Kuopio da wani iyafis da aka ce kaɗan aka ƙera a duniya. Tun farkon sanyi Santeri ke maganarsa har a kan abinci, yau kuma ana bin layi a kansa, mai shi yana ta duba agogo saboda jirgi.

Sai dai sarauniyar teburin daban take. Wata na'ura ce, Baƙuwa suke ce mata. Wani kamfani ne ya ba ƙungiyar aronta tare da iyafis ɗinta, don ta zaga hannun 'yan ƙungiya kowa ya faɗi ra'ayinsa. Santeri ne ya fara karɓa, ta yi mako a gidansu, Kerttu ta gaji da jin yadda ake shiga nan a fita can a cikinta. Yau ya miƙa wa Raimo. Daga Raimo sai gidan waya: Turku, Oulu, har Rovaniemi, duk inda ɗan ƙungiya yake. Kuma suna da al'ada, duk wanda ta kwana a hannunsa zai bar waƙa ɗaya a cikinta, tsaraba ga na gaba, wadda yake ganin ta fi fito da ƙwarewar na'urar.

Baƙuwa tana hannun Tapsa yanzu. Ya rufe ido, ya ɗaga yatsa sama, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda kunnensa ke toshe.

"Ga ta nan... ga ta nan tafe... Kai!" Ya daki tebur har cokula suka yi tsalle. "Ƙut! Kamar a maƙogwarona aka yi ta!"

"Na gaya maka," in ji Raimo. "A taka na'urar ba za ka taɓa ji ba, shafe shi take yi. A nan kuwa har rabuwar harshe da ganɗa kana ji kafin ta buɗe baki. Mayar baya ka ƙara. Daidai tsakiyar baiti na biyu."

Tapsa ya mayar, ya ƙara, ya sake mayarwa. Ya zare iyafis ɗin ya miƙa wa na kusa da shi, robobin suna ƙyalli, wancan ya cusa a kunnensa ba tare da ya canza komai ba.

"Yawun ma mai kauri ne," in ji wancan bayan ɗan lokaci. "Mura take yi."

"Ba mura ba ce, madara ta sha kafin ta fara. Haka madara ke yi."

"Ni dai leɓen ne ya kashe ni," in ji Tapsa. "Jiƙaƙƙe, ɗan ƙarami. Santeri, ina ka samo wannan mata? Tsarabarka ta yi, yaro."

Kerttu ta ji tausayin matar, ko wace ce. Ta mayar da ido kan 'yar na'urar da ke hannunta. A nan ne Tapsa, yana zuba gahawa, ya fara gunjin karin waƙar ta hanci, a karkace, yana cin rabin muryoyin. Duk da haka ta gane. Sanyin jiƙaƙƙiyar safar ya hau mata har gadon baya.

Babu wanda ya san wannan karin a duniya sai 'yan gidansu. Mummo, kakarta ta wajen uwa, ita ta ƙaga shi tana tuƙa kwalekwale zuwa ɗaga raga a tafki. Waƙar wani ɗan maraƙi ce da ya ƙi shiga jirgi, a baiti na biyu kuma Mummo takan cire sunan maraƙin ta sa sunan jikan da ke zaune a gabanta. Mummo ta rasu da bazara. Bayan an dawo daga binne ta, Santeri ya tarar da Kerttu a kicin tana rera waƙar ƙasa-ƙasa tana wanke kofuna. Bai taɓa jin ta yi waƙa ba, don ba ta yi a gaban kowa, ko a coci baki kawai take motsawa. Ya yi ta roƙo har ta yarda ya ɗauki muryarta. Ya rataya barguna a cikin kabad ɗin kaya, ya kafa makirufo, ya rufe ta a ciki tsakanin rigunan sanyi. Mu biyu kawai, ya ce. Don 'ya'yanmu.

Ta miƙe ta same shi wajen tukunyar gahawa. Muryarta da ƙyar ta fito.

"Waƙar Mummo ce."

Ya ɗan waiga ya ga ba mai kallonsu. "Babu suna a kai, kulta. Ba wanda ya san ke ce."

"Ka ce mu biyu."

"Ai mu biyun ne har yanzu. Su ba waƙar suke ji ba. Na rantse miki, je ki tambayi Tapsa abin da take cewa, ko maraƙin bai lura da shi ba." Ya faɗi haka da fara'a, kamar wanda ya kawo mata magani. "Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shi tsabta ba, Kerttu. Duk faifan da na mallaka babu mai fito da na'ura kamar wannan. Ya kamata ki ji daɗi."

"Cire ta."

"Ta bar hannuna, ta Raimo ce yanzu. Kuma na riga na yi wa mutanen Oulu albishir, suna jira. So kike a ce na zo da tsaraba na koma da ita?" Ya shafa kafaɗarta. "Sha gahawa. In mun je gida sai mu yi magana."

In sun je gida, Baƙuwa tana cikin jakar Raimo. Kerttu ta hango ta a kwali, tana hawa arewa gari bayan gari, a kowane gari wani mutum zaune a kicin ɗinsa ido a rufe, yana mayar da maƙogwaronta baya yana ƙarawa. Ta ajiye kofin, don ta san in ta kurɓa zai dawo.

Raimo ya riga ya buɗe akwatin Baƙuwa, yana goge fuskarta da gefen rigarsa. "To jama'a, saura wa? Matata ta ce in na wuce lokacin wankan tururinmu na sauna in kwana a mota."

Kerttu ta lura da abu ɗaya tun da ta zauna. Ba a taɓa Baƙuwa don kallo. Wani ya gwada ɗaga ta ya ji nauyinta, Raimo ya doke masa hannu. Tana zuwa hannun mutum ne kawai in zai saurara, kuma muddin kunnensa a toshe yake, ba mai leƙa abin da yake dannawa. Wannan ladabi ne da ko Tapsa ba ya karyawa.

Ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Tabɗi!" in ji Tapsa. "Uwargida ta tsallake firamare ta faɗa jami'a."

Ta ɗauko babban abin sauraron da Santeri ya ba ta, amma bakin wayarsa ya ƙi shiga ramin Baƙuwa. Raimo ya girgiza kai. Ba da wannan ake jin ta ba, da nata iyafis ɗin ake ji, ina robobinta? Ba ta da su. Ta dubi Santeri. Ta san gwangwaninsa cike yake, har da sababbi a leda.

"Nawa duk manya ne," in ji shi, yana kallon bango. "Ba za su shiga kunnenki ba. Ki bari wani lokaci."

"Wane wani lokaci?" in ji Raimo. "Ga nawa a kai, na soso ne, kowane kunne suna bi. Kawo nan, yarinya, in nuna miki."

Da can farare ne, ana iya gani a gindinsu. Yanzu sun koma ruwan ƙasa-ƙasa, bakinsu ya yi duhu yana sheƙi, a jikin ɗaya akwai guntun farin gashi manne. Ta ƙirga a ranta kunnuwan da ta ga sun shiga tun zuwanta, ta daina ƙirgawa. Ita da ke wuni tana duba abin da ke rayuwa a ɗigon ruwa, ta san abin da ke rayuwa a nan, har sunayensu ta sani. Raimo ya murza soson tsakanin yatsunsa masu maiƙon pulla har ya zama siriri, ya miƙo mata.

"Maza kafin ya kumbura. Ja kunnen sama, ki tura can ciki. Can ciki sosai."

Ta ja, ta tura. Da ɗumi. Wannan ne abin da ba ta shirya masa ba, ɗumin wani mutum, da ɗan danshi. Soson ya fara kumbura a hankali a cikin kunnenta, yana cika kowane lungu, yana ɗan ƙara kamar ana taka jiƙaƙƙen ganye. Yawu ya taru mata a baki. Ta ƙi haɗiyewa, don suna kallonta. Ta sa na biyun, ɗakin ya ɓace, Raimo ya ɗora mata Baƙuwa a tafin hannu, da nauyi, ita ma da ɗumi.

Waƙar tana kan fuskar na'urar, babu suna, sai lamba. Niyyarta ta wuce kai tsaye wurin gogewa, amma babban yatsanta ya taɓa inda bai kamata ba.

Sai ga ta a cikin kabad. Ba ta taɓa jin abu haka ba, kuma ta ji haushin cewa gaskiyarsu ne. Ta ji kusancin barguna, ta ji wani maratayin kaya ya ɗan motsa ta hagu, ta ji firji yana gunji can nesa bayan bango. Sannan wata mace ta ja numfashi a tsakiyar kanta ta fara. Muryar siririya ce, tana ɗan rawa, ba ta ƙwararru ba, amma tana jan ƙarshen kalmomi daidai yadda Mummo ke ja, abin da Kerttu ba ta san tana yi ba. Maraƙi ya tsaya a bakin ruwa. An lallashe shi da ciyawa ya ƙi. Baiti na biyu ya zo, muryar ta iso wurin da ake sa suna, ta tsaya. A nan ne ranar ta tuna cewa babu sauran wanda zai sa sunanta a wurin. Ta ji kanta tana danne abin da ya taso, ta ji ya sauka ta maƙogwaro.

Ta buɗe ido. Duk sun daina abin da suke yi. Tapsa ya ɗaga yatsa yana bin lokaci da ka, yana murmushi, leɓensa ya ɗage har ƙullin tabar ya leƙo baƙi, yana jiran fuskarta ta nuna ta ji wurin.

Mako guda ana koya mata wannan na'ura a kan teburin abinci. Ta danna ta riƙe, ta gangara ƙasa, na'urar ta tambaye ta ko da gaske take. Ta amsa mata.

Bakin Tapsa ya motsa. Ta gane tambayar ko ba ta ji ba: shin ta ji haɗiyar?

"Ni ce!" in ji Kerttu.

Sai da ta ga mutumin Kuopio ya zabura a can ƙarshen tebur ta gane da ƙarfin da maganar ta fita. Kunnenta a toshe yake, ihu ta yi. A rayuwarta ba ta taɓa cika ɗaki da murya ba. Ta ci gaba a haka, don in ta cire soson ba za ta iya ba.

"Ni ce na haɗiye yawun! Ba mura ba ce, ba madara ba ce! Kakata ce ta rasu, kuka nake dannewa!"

Ta zare su ɗaya bayan ɗaya. Suka fito da 'yar ƙara, ta ajiye a tebur, ta rasa inda za ta shafa yatsunta.

Wani ya shiga gyara wayar da ba ta buƙatar gyara. Tapsa ya yi ja har wuya, ya zura ido cikin kofinsa. "Uwargida," ya ce, "maganar leɓen nan... ban san..." Bai ƙarasa ba.

"Ayya. Sannu, yarinya," in ji Raimo. Ya ɗan yi tunani, sai fuskarsa ta washe. "To shi ya sa! Kuka yana ƙara wa yawu kauri. Na ce muku ba madara ba ce." Ba shi ya ce ba. Ya jawo Baƙuwa ya duba, ya gangara sama, ya gangara ƙasa. "Ina take?"

"Na goge."

"Kin goge? Ban fa gwada ta da igiyar wayata ta azurfa ba! Da ita na yi niyyar wuni gobe!"

"Ba komai, Raimo," in ji Santeri da sauri, "akwai a kwamfuta a gida, zan tu..."

Ya haɗiye sauran. Kerttu ta dube shi, ta ga ba ita yake kallo ba, fuskokin mutanen yake bi ɗaya bayan ɗaya don ya ga yadda abin ya zauna musu. Ta ɗauki kwat ɗinta. A gefen jakarsa tasa na'urar tana kwance, wadda yake kwana da ita a gefen gado, ta san waƙar tana cikinta. Ta ɗauka ta cire wayar ta jefa a aljihu.

"Kerttu, wannan tawa ce."

"Ka ce ba za mu fita ba sai na zaɓa."

Wani ya yi dariya ta hanci ya mayar da ita tari. Santeri ya miƙe, ya biyo ta har wajen takalma. Yana cewa ta tsaya, ba ta fahimta ba ne, abin yabo ne, sai mutumin Kuopio ya ɗaga murya daga can ciki.

"Santeri, layinka ne fa. In ba yanzu ba shi ke nan, jirgi ba ya jira."

Tana ɗaure igiyar takalmi ta ga ƙafafunsa. Safa mai toka, babban yatsa ya kusa huda ta. Ƙafafun suka juya wajen ƙofa, suka juya wajen tebur, suka tsaya a tsakani cikin ruwan ƙanƙara.

"Ki jira ni a tashar bas," ya ce. "Yanzu zan fito. Waƙa ɗaya kawai."

Ba ta jira ba. A bas ta goge waƙar daga cikin na'urarsa, yatsunta cikin safar hannu, kunnuwanta suna mata ƙaiƙayi can inda yatsa ba ya kaiwa. A gida ko kwat ba ta cire ba ta kunna kwamfutarsa. Ta sami waƙar kashi-kashi, babba da ƙarama da wadda ya yi wa gyara, har da wata guntuwa da ya yanko daban, wurin haɗiyar kaɗai, don kada a sha wahalar mayarwa baya. Ta daɗe tana kallon wannan. Ta goge su duka, ta buɗe kwandon sharar kwamfutar ta zubar, ta jawo faifan ajiyar da ke cikin durowa ta bi shi ma. Hannunta ya ɗan tsaya a kan ta ƙarshe, saboda yadda matar cikin kabad ke jan ƙarshen kalmomi. Amma ai a bakinta abin yake. Ta danna.

A banɗaki ta wanke kunnuwanta da ruwan ɗumi da sabulu, ta sake wankewa, ta bi da auduga duk da ta san likitoci sun hana. Audugar ta fito da ɗan ɓarɓashin soso mai ruwan ƙasa. Ta naɗe shi a takarda ta jefa a masai ta kora ruwa.

Wayarta ta yi motsi a kan injin wanki. Santeri ne. Yana hanya. Raimo ya ce a ba ta haƙuri. Ya kuma ce, in ta huce, yana da makirufo da ya fi nasu, ko za ta yarda ta sake rerawa?

Ta kifa wayar. Ta tsaya gaban madubi, kunnuwanta jajur, ta fara waƙar ƙasa-ƙasa don ta tabbatar tana nan. Tana nan. Maraƙi ya tsaya a bakin ruwa, an ba shi ciyawa ya ƙi. Amma yanzu tana jin leɓenta yana rabuwa kafin kowace kalma, tana jin harshenta yana barin ganɗa, jiƙaƙƙe. Da ta iso tsakiyar baiti na biyu yawu ya taru mata, ta tsaya da shi a baki, ta kasa haɗiyewa. Ta sunkuya ta tofar.

Ta buɗe famfon wanka har ƙarshe, ta buɗe na wanke hannu, ruwa ya cika banɗakin da ƙara har ba ta jin numfashinta. Ta murza makullin ƙofa. Sannan ta koma farkon waƙar.